Randar Bakin Ƙofa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, saƙonka ya iso gare ni tun ranar Talata, kuma da gangan na jinkirta amsawa, domin tambayar da ka yi ba irin wadda ake sallama da kalma biyu a waya ba ce. Ka ce ranar da ka zo gaishe ni a Agege ka tarar na sa yara sun fito da randa bakin rumfa, kamar yadda nake yi duk shekara idan zafi ya kama, shi ne kake son sanin ko wannan abu addini ne ko al'ada, ko akwai sauran amfaninsa a garin da ake sayar da ruwan leda mai sanyi a kowane lungu, kuma ko kai ma ya kamata ka yi haka yanzu da ka yi aure ka kama haya a bene. Ka ƙara da cewa tun kana yaro kake jin idan an ce wa babba "ina zafi?" sai ya amsa da "lokacinsa ne", har ka fara zaton ko laifi ne mutum ya ce zafi ya dame shi. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin da mahaifinka yana raye, Allah ya jiƙansa, shi za ka tambaya, kuma na san abin da zai faɗa maka, tunda randa ɗaya muka sha ni da shi.

Shayar da mai ƙishirwa addini ne, ita kuwa randa al'ada ce. Sai dai idan na tsaya a nan za ka ɗauka al'adar ɓawo ce kawai da za a ɓare a yar, alhali akwai wani abu a cikinta da ba ka gani ba, saboda an haife ka a Ikko, kuma ba ka taɓa yin bazara guda cikakkiya a gida ba.

Mu a wajenmu shekara ba gida biyu ta rabu ba kamar yadda aka koya muku a makaranta. Akwai damina, akwai kaka lokacin girbi, akwai hunturu mai sanyi da hazo, sannan akwai bazara, wadda take kamawa daga wajen watan Maris har zuwa saukar ruwa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. A ƙasar Kano zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, iskar da take kaɗawa da rana kuwa kamar daga bakin maƙera ta fito, tana busar da leɓe tana fasa dunduniya. Itatuwa da yawa sun kaɗe ganyensu, sai irin su gawo, wanda Allah ya yi shi saɓanin sauran, yana zubar da ganye da damina ya riƙe shi da rani, shi ya sa za ka ga awaki da tumaki sun taru a gindinsa da tsakar rana. Ruwan rijiya ya yi ƙasa har sai an ƙara wa guga igiya, wata rijiyar ma sai an shiga an yashe ta, rumbu kuma ya fara nuna gindi tun ba a yi shuka ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, bazara lokacin ƙaranci ce: ruwa ya yi kaɗan, inuwa ta yi kaɗan, hatsi ya yi kaɗan, kuma kusan duk al'adun da muka gada na wannan lokaci sun taso ne daga neman yadda ɗan abin da ya rage zai ishi kowa.

Yini gaba ɗaya akan tsara shi ne a kan rana. Da an idar da sallar asuba magidanta suke fita sharar gona, samari su bi su da jakuna ɗauke da mangalar taki, kuma kafin rana ta take kowa ya dawo. Tsakanin azahar da la'asar gari yakan yi tsit, ba a zuwa ziyara sai da larura, ba a aiken yaro nesa domin rairayi yana ƙona tafin ƙafa, masu sana'ar hannu su koma zaure ko gindin ceɗiya suna tufkar igiya da ɗinkin hula. Limaminmu yakan ɗan jinkirta azahar idan zafi ya tsananta, kuma ba son ransa ya bi ba, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni a sanyaya sallah idan zafi ya yi tsanani. Abincin rana fura ce da nono ko farau-farau, domin ba mai iya tuwo a wannan lokaci. Da dare kuwa ba mai kwana a ɗaki. Mata da yara su yayyafa ruwa a tsakar gida su shimfiɗa tabarmi, samari su kwana a ƙofar gida, bayan an haska wurin da fitila saboda kunama, wadda ita ma zafin yake fito da ita.

A tsakiyar wannan duka akwai randar kakarka, Allah ya gafarta mata. Randunan cikin gida daban, wannan kuwa tana waje, a inuwar darbejiyar da take jikin zaurenmu, an haƙa mata ɗan gurbi an zuba rairayi. Kullum kafin gari ya waye takan sa mu juye ragowar ruwan jiya a gindin itacen, ta zura hannu har kafaɗa ta wanke cikin da kanta, domin ba ta yarda da wankin yaro ba, sannan mu yi sawu uku ko huɗu zuwa rijiya da tulu har randar ta cika. Sai ta jiƙa rairayin da yake gindinta, ta naɗe jikinta da tsohon buhu jiƙaƙƙe, ta rufe bakin da faifai, ta kife moɗa a kai. Idan rana ta take ka ɗaga faifan nan ka leƙa, za ka ji sanyi ya bugi fuskarka tare da ƙamshin yumɓu, kuma har yau da nake da firiji a ɗaki ban sha ruwan da ya kwanta mini a rai kamar wannan ba. Ranar kasuwa sai mun sake cika ta kafin la'asar, saboda hanyar kasuwa ta ƙofar gidanmu ta bi.

Wata rana mahaifinka, yana ɗan shekara takwas ko tara, ya gaji da jidon ruwa, sai ya ce mata me zai hana a mayar da randar cikin gida, duk mai so ya yi sallama a miƙo masa. Ba ta yi masa faɗa ba, ta dai ce masa ƙishirwa wahala ɗaya ce, roƙo kuma wahala ta biyu, kuma ba ta son ta haɗa wa bawan Allah guda biyu a ƙofar gidanta. A lokacin ban gane ba, sai da na girma na yi tafiya. Ka san halinmu da kunya, ka kuma san namiji baligi ba ya shiga gidan da ba nasa ba, saboda haka matafiyi sai ya tsaya a rana ya yi ta sallama har a samu yaron da zai leƙo, ya faɗi buƙatarsa, ya jira, ya sha a gaban mai kallonsa, ya yi godiya. Dattijo mai mutunci ya gwammace ya haɗiye ƙishirwarsa ya wuce, haka Bafulatanar da ta sayar da nononta tana komawa ruga, haka baƙon da ba ya jin harshen garin. Randar da take waje ta ɗauke musu wannan duka, domin mai sha bai san fuskar mai bayarwa ba, mai bayarwa bai san wanda ya sha ba, ba a bin kowa bashin godiya. Ko a farin 1973, da rijiyarmu ta ƙafe muna zuwa fadama da tsakar dare muna jiran ruwa ya tsattsafo, ba ta shigar da randar nan ba; ta dai rage ta zuwa rabi, ta sauya moɗar da ƙarama.

Game da addini kuwa, abin da na ji daga malamai kuma na tabbatar shi ne, Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Manzon Allah wace sadaka ce ta fi, bayan rasuwar mahaifiyarsa, aka ce masa shayar da ruwa. Akwai hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai lallage saboda ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Akwai Sayyidina Usmanu da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, kuma an hana mutum ya riƙe rarar ruwan da ya wuce buƙatarsa ya hana mabuƙaci. Babu inda aka ambaci randa ko faifai ko moɗa a cikin waɗannan, saboda haka wanda bai ajiye randa ba bai saɓa wa Allah ba, kuma kada ka bari wani ya ce maka wajibi ce. Addini ya ce a shayar, iyayenmu kuma suka duba halin mutanensu suka samo hanyar da za a shayar ba tare da an zubar wa kowa da mutunci ba, kuma wannan hanyar ce nake jin nauyin barinta.

Na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Ido a 1974, a ƙarshen watan Fabrairu, lokacin Ikko tana babban birnin ƙasa, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne zafin garin, domin ba irin wanda na sani ba ne. A lissafi bai kai namu ba, da wuya ya wuce digiri 33 ko 34 ko a Fabrairu da Maris da suka fi kowane wata zafi a nan, amma iskar cike take da laimar teku, saboda haka gumi ba ya bushewa. A gida idan ka shiga inuwa ka tsira, idan dare ya raba kuma sanyi yakan sauko har ka ja mayafi. A nan kuwa zafin yana bin ka har inuwa, ya kwana tare da kai a ɗaki, riga ta manne a baya tun da hantsi. Soron ƙasa da muka baro yana da kaurin bango da rufin azara da yake tare rana, a nan sai muka samu kanmu a ɗakunan siminti masu rufin kwano, mu shida ko bakwai a ɗaki guda, kwanon ya sha rana yini guda ya riƙa sako mana ita da dare. Muka gwada kwanan waje irin na gida, sauro ya kore mu, ga kwata a ƙofar kowane gida, ga ruwan sama da yake iya sauka tun a Maris ba tare da ya yi sallama ba. Al'adu da yawa na bazara a nan suka tsaya, kuma ban ga laifin kowa ba, tunda an ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Mai aikin ofis ko mai tuƙi ba shi da ikon yin ƙailula, ba kuma za ka ce wa ɗan kasuwar Mile 12 ya bar tumatirinsa ya tafi inuwa ba.

Ita kanta randar, gaskiya ce zan faɗa maka, ba ta sanyaya ruwa a Ikko kamar yadda take yi a gida. Dalili shi ne jikin yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, busasshiyar iska ta kwashe shi ta tafi da zafin, abin da ya rage a ciki ya yi sanyi. Da wannan hikimar ce wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. To, inda iska ta riga ta ƙoshi da laima ba ta da wurin ɗaukar wani ruwan, saboda haka randar Agege sanyinta kaɗan ne. Na san wannan tun shekarun farko, domin sana'ar goro ta koya mini lura da iska: a nan huhu yakan daɗe ganyen fitar da aka naɗe shi da shi bai bushe ba, har ma tsoron ruɓa ake yi, amma da mota ta haura Kwara ta shiga busasshiyar ƙasa sai an kula da yayyafi, in ba haka ba goro ya yi taushi ya faɗi a kasuwa. Saboda haka idan sanyi kaɗai ake nema, kana da gaskiya, ruwan leda daga cikin ƙanƙara ya fi randata.

Abin da ya hana ni shigar da ita shi ne abin da nake gani daga inda nake zaune. Ka san 'yan garuwa, yaranmu da suke tura kura a unguwanni, waɗanda har Yarabawa ba su san su da wani suna ba sai mai ruwa. A zafin bara akwai wani yaro da bai fi shekara goma sha bakwai ba, yakan wuce ta gaban rumfata sau biyar ko shida a yini, da jarka goma a kura, kowace tana cin lita 25. Wata rana da azahar ya tsaya ya sa dutse ya tare ƙafar kurar, ya tsaya yana haki, rigarsa sharkaf kamar an tsamo shi daga kogi, ya dubi randar, ya dube ni, na kawar da kai na ci gaba da zaɓen goro kamar ban gan shi ba. Sai ya matso ya sha kofi uku a tsaye, ya zuba na huɗu a ka, ya gyara murfin, ya cire dutsensa ya tafi. Yaron nan lita 250 yake turawa, amma ba shi da kurɓi ɗaya a ciki, domin sayo shi ya yi a rijiyar burtsatse, kowace jarka da mai jiranta, kuma idan ta iso ba a cike ba sai an rage masa kuɗi. Idan ya ce zai sayi ruwan leda duk sanda ƙishirwa ta kama shi, a irin tsadar da aka shiga tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wani kaso na wahalarsa a nan zai ƙare, alhali akwai uwa a ƙauye da take jiran aike kafin shuka. Irinsa suna da yawa: 'yan dako, masu gyaran takalmi da suke yawo da akwati, masu yankan farce, masu jari-bola. Kuma ba namu kaɗai suke sha ba, domin matan Yarabawa masu talla da yaran Inyamurai masu tura kaya duk sun san wurin, ba a taɓa tambayar kowa daga ina yake ba.

Kada ka fahimce ni da cewa ina zargin mai sayar da ruwa. Wanda ya haƙa rijiya da kuɗinsa, ya sayi mai ya tayar da injin, da wanda ya tura kura a rana, guminsu suke ci, kuma halal ne. Abin da nake tsoro shi ne zuciyar da ta saba ganin ruwa a matsayin haja har ta manta cewa akwai wanda ba ya iya saye, a wayi gari mutum yana da tanki cike a saman gidansa amma maigadinsa yana lissafin canjin da zai sayi leda ɗaya. Irin wannan ne Hausawa suke cewa rijiya ta bayar guga ya hana. Ikko gari ne da ruwa ya kewaye ta ko'ina, ga teku ga tafki, amma ban taɓa zama inda ruwan sha yake da tsada a wajen talaka kamar nan ba.

Akwai inda na gyara, kuma ina so kai ma ka gyara, domin ba duk abin da aka gada ne ake riƙewa yadda yake ba. Moɗa ɗaya da kowa zai tsoma a cikin randa ya kai baki ya mayar, a ƙauyen da mutum ɗari ne ke wucewa a yini ma akwai haɗari, balle a garin da ba a san iyakar mutanensa ba. Lokacin da cutar amai da gudawa ta ɓarke a Ikko a watan Yunin 2024, ƙanwarka da take aikin jinya ta zaunar da ni ta yi mini bayani, kuma na karɓa. Yanzu randar tana kan ɗan teburi, an huda ta ta ƙasa an sa mata famfo, murfinta a ɗaure yake ba mai zura hannu, akwai kofuna da bokitin ruwan sabulu a gefe, kuma ruwan da ake zubawa shi ne wanda nake sha da iyalina. Wanda zai ba mutane ruwan da shi ba zai sha ba, gara ya bari.

Sai maganar "lokacinsa ne". Ba haramun ba ne mutum ya ce zafi ya dame shi, kuma ba a hana neman sauƙi ba, in ba haka ba da ba a saƙa mafici ba. Abin da ake gudu shi ne zagin lokaci, domin ya zo a hadisi ƙudusi cewa ɗan Adam yana cutar da Ubangijinsa idan yana zagin zamani, alhali Shi ne yake jujjuya dare da rana. Bayan wannan akwai sanin manomi a cikin amsar, domin duk wanda ya yi noma ya san zafin bazara shi yake jawo hadari, kuma idan dare ya yi zafi iska ta ɗauke cak, sai ka ji dattawa suna cewa ruwa ya kusa, a gyara iri. Mai cewa "lokacinsa ne" yana tuna wa kansa da mai gaishe shi cewa abin da ya zo a kan ƙa'ida zai tafi a kan ƙa'ida, kuma ba shi kaɗai ake yi wa ba. Har yau nakan lura da haka a Agege, domin da Afrilu ta yi nisa sai ka ga 'yan ci-rani sun fara ɗaure kaya suna tambayar ko ruwa ya sauka a gida, layin 'yan garuwa ya ragu, tashar mota ta cika.

Amma kada wannan kalma ta zama dalilin sakaci, domin na ga inda ta zama. A 1996 sanƙarau ya ratsa Arewa a daidai wannan lokaci na zafi da ƙura, ya kashe mutum fiye da dubu goma, kuma a danginmu mun binne yara biyu waɗanda aka ce zafi ne kawai yake damunsu, aka yi ta jiƙa musu tsamiya har wuya ya sanƙare. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da taurin wuya ba na jira ba ne, asibiti ake nufa a take. Haka tsoho ko jariri ko mai aikin ƙarfi da ka ga jikinsa ya yi zafi, ya daina gumi, maganarsa ta fara rikicewa, a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki a nemi likita. Azumi ma yana zagayowa, yana matsowa da kamar kwana goma sha ɗaya kowace shekara, shi ya sa daga 2022 zuwa 2025 ya faɗo mana a cikin Maris da Afrilu kamar yadda ya yi a wajajen 1990, kuma na ga dattawa masu ciwon suga da na ƙoda suna ƙin karɓar sauƙin da Allah da kansa ya yi wa marar lafiya, suna ganin jarumta ce. Na yi wa wasunsu magana, kuma kai ma idan ka ga haka a gidan surukanka ka yi magana cikin ladabi.

Game da gidanka, na san mai gidan haya ba zai bar ka ka ajiye randa a matakala ba, kuma hawa na uku ba hanyar kowa ba ce. Amma ka duba waɗanda rana take duka saboda kai: maigadin ƙofa, mai kwasar shara, yaron da yake hawo muku da tukunyar gas, mai kawo saƙo a babur, leburorin ginin da yake kusa da ku. Ka gaya wa maiɗakinka cewa duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar nan da rana, a miƙa masa ruwa tun kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi, kuma kada a ce masa "za ka sha ruwa?", domin mai kunya cewa zai yi ya ƙoshi, a kawo kawai a ajiye a gabansa, a ba shi wuri. Idan kun samu wuta firiji ya yi ƙanƙara, ku tuna da maƙwabcin da ba shi da shi, musamman da azumi. Idan kuma kana da hali, ka sayi mazubi mai famfo ka ajiye a ɗakin maigadi ta wajen titi, ka ɗauki nauyin cika shi da wanke shi daga Fabrairu har ruwa ya zauna, ba tare da an rubuta sunanka a jiki ba. Ɗan kasko na ruwa a bakin taga saboda tsuntsaye ma kakarka ba ta raina shi ba.

Na yi magana da direban da yake kai mana goro Kano, zai taho mini da ƙaramar randa idan ya juyo da albasa a makon nan, kuma taka ce, ko da a baranda za ka ajiye ta don 'ya'yan da Allah zai ba ka su san ɗanɗanon ruwanta. Sabuwar randa ba a sha daga gare ta ranar farko. Ka cika ta ka bar ta ta kwana, ka zubar, ka maimaita haka kwana uku har warin ƙasa ya fita, kuma ka ɗora ta inda iska take ratsawa. Ka biyo ta rumfa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka ɗauka, ka zo da tsohon bargo da za a naɗe ta saboda ramukan hanya. Ka gaishe mini da maiɗakinka da mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe duba ta idan an kwana biyu.

Wassalam, Baffanka.